Ranar da na ga hadari na yi shiru

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin duban yanayi a sojan sama, aikin da mu da matuƙa muke kira meteyo, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa tuƙa jirgi ba, ban kuma taɓa ɗana bindiga a kan kowa ba. Makamina shi ne biro da wata takarda guda wadda matuƙi ke karɓa daga hannuna kafin ya nufi jirginsa, wadda a cikinta nake rubuta masa inda iska ta fito da ƙarfinta, da nisan da ido ke iya gani, da tsayin gizagizai, da zafin gari, da nauyin iska, sannan in sa hannu a ƙasa. Yanzu da na ajiye kaki na koma gida Garwa, a arewacin Kamaru, na ga ya kamata in rubuta yadda na koyi wannan aiki, da kuma ranar da na kasa yin sa a kan duwatsun Mandara.

A Garwa aka haife ni, a cikin unguwar Hausawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro da kanwa yake yi tsakanin Garwa da Mokolo da Mubi, kuma idan an ba mu hutun makaranta yakan tafi da ni a bayan babbar mota, a kan buhuna. A wata tafiya, farkon damina, muka iso bakin wani mayo, wato irin kogin nan na ƙasar Marwa da ke zama rairayi zalla yawancin shekara. Rana tana tsakar ka, ko ɗigon ruwa babu, amma mahaifina ya buga jikin mota ya ce wa direba ya tsaya, kada ya shiga. Direba ya fara mita, fasinjoji suka taya shi, shi kuwa sai ya nuna musu kan dutsen da ke can nesa, wanda ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa shuni. Ba a yi rabin sa'a ba muka ji wani ruri, sai ga ruwa ja ya gangaro ɗauke da itatuwa da wata akuya, ya cika mayon daga baki zuwa baki. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, yaro? Sararin da ke kanka daban, sararin da ke kan dutse daban." Na haddace maganar kamar yadda yaro ke haddace karatun allo, ba tare da na san fassararta ba.

Bayan na shiga soja aka tura ni Yamai, makarantar nazarin yanayi da zirga-zirgar jiragen sama ta hukumar ASECNA, inda 'yan ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke haɗuwa. A can ne na fara fahimtar cewa jirgi a kan iska yake jingina, kamar yadda kwalekwale ke jingina a kan ruwan Binuwai, kuma iskar nan takan yi kauri takan yi tsinke. An ƙera ma'aunan jirgi bisa wata iska ta ƙa'ida wadda zafinta digiri 15 ne a bakin teku, nauyinta hektofaskal 1013, kuma zafin yana raguwa da digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Ƙasarmu ba ta san wannan ƙa'ida ba. Garwa tana kan tsayin mita 240 ne ko kusa da haka, inda ƙa'ida ta ce zafi ya tsaya wajen digiri 13 da rabi, amma a watan Maris ko Afrilu ma'auni yakan nuna 42 da azahar. Kowane digiri ɗaya da ya haura ƙa'ida yana sa iska ta tsinke kamar an ɗaga filin da mita 36, saboda haka jirgin da ke zaune a bakin Binuwai yana ji a jikinsa kamar a tsayin mita 1,250 yake, wato sama da tudun Gaundare. Injin ba ya samun iskar da yake bukata, fukafuki ba sa samun abin kamawa, sai jirgi ya ci doguwar hanya kafin ya rabu da ƙasa. Idan kuwa jirgi mai saukar ungulu ne, kuma a kan dutse mai tsayin mita 1,000 zai tashi da zafin digiri 36, to lissafinsa na mita 2,000 ne, kuma kayan da ya ɗauka cikin sauƙi da asuba suna iya gagarar sa bayan azahar. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsofaffin matuƙa suke son tashi da hantsi bai ɗaga ba, ba don suna ƙin barcin safe ba.

Hunturu kuwa nasa salon daban ne. Yawancin ƙurar da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele take fitowa a arewacin Cadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a bakin kwata, ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙasa. Mun saba da cewa idan rahoton garin Faya na arewacin Cadi ya nuna ƙura ta tashi, to mu shirya, cikin kwana ɗaya ko biyu za ta iso mana. Mugun halin hazo shi ne yaudara: matuƙi yana duban ƙasa a ƙarƙashinsa yana ganin bukkoki da shanu sarai, sai ya ɗauka yana gani, alhali idan ya miƙa ido gaba babu komai sai fari fat, kuma dutse launinsa ɗaya da ƙurar. A ƙasa irin ta Rumsiki a duwatsun Mandara, inda tsaunuka ke tsaye ɗai-ɗai kamar turaku, wannan yaudara ta isa ta gama da mutum. Duk da haka, hazo yana aiko da manzo kafin ya zo, don haka ban taɓa jin tsoronsa kamar yadda na ji tsoron hadarin bazara ba.

Duwatsun Mandara sun miƙe ne wajen kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Nijeriya, daga kusa da Binuwai har zuwa wajen Mora, kuma mafi tsayinsu bai kai mita 1,500 ba. Wanda ya san Emi Kusi na Tibesti, mai mita 3,415, zai raina su. Amma dutse ba sai ya yi tsawo yake juya iska ba. Da rana ta daki gangarensa, iskar da ke jikinsa takan yi zafi ta hau sama, da dare kuma ta huce ta gangaro kwari. Idan iska mai ƙarfi ta ratsa ƙwanƙolinsa, a gefen da ta fito takan ɗaga jirgi, a ɗaya gefen kuma ta danna shi ƙasa, tana murɗawa kamar ruwa a bayan dutsen kogi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar damina mai laima ke turowa daga kudu maso yamma tana karo da busasshiyar iskar Sahara, dutse shi ne ke fara haɗa hadari, tun filin Marwa yana cikin rana tarwai. Tashoshin awonmu kuwa a filayen jirgi suke, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma daga Marwa zuwa Mokolo tafiyar kilomita 80 ce. Abin da muke aunawa sararin kanmu ne, sannan mu rubuta wa mutumin da zai shiga sararin dutse.

Kafin 2014 wannan giɓi bai cika damun kowa ba, domin jiragen da ke shiga cikin duwatsun ba su da yawa, kuma idan gari bai yi kyau ba sai a ɗaga tafiya zuwa gobe. Da yaƙin Boko Haram ya tsallako iyaka, aka kai hari Kolofata a Yulin wannan shekara, aka kuma yi amfani da jiragen yaƙi a Ashigashiya a ƙarshen Disamba, sai komai ya canza. Aka girke sojoji a kan tsaunuka inda hanyar mota ke da nakiyoyi, ya zama ruwan sha da magani da masu rauni duk ta sama ake jigilarsu, kuma kalmar "gobe" ta fita daga bakin manya. A daidai wannan lokaci ne kuma na lura cewa lissafin watanni da muka gada daga tsofaffin ma'aikata ya fara kuskure. Ruwan farko yakan zo ya ɗauke na makonni, sannan ya dawo da fushi, kuma wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012 ya san irin ruwan da nake nufi. Manoman dutse da nake hira da su a kasuwa suna faɗin haka game da shukarsu, ni ma ina ganin haka a littafin awo.

Ranar da nake son ba da labarinta a cikin watan Mayu ce. An tura ni wani sansani a jihar Arewa Mai Nisa, kuma na daɗe ina roƙon a bar ni in kai ƙaramin ma'aunin iska na hannu da ma'aunin zafi zuwa wani wurin tsaro a kan dutse, in koya wa soja ɗaya yadda zai riƙa karanto mana su ta rediyo. Ranar aka ce akwai gurbi a jirgi mai saukar ungulu da zai kai jarkokin ruwa da magani. Matuƙin wani kaftin ne ɗan Gaundare, wanda a haife na haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ko da yake ya fi ni igiya, bai taɓa kirana da komai ba sai Baba ajidan, ajidan kuwa shi ne muƙamina a soja. Da hantsi na yi awo: zafi 39, iska a bushe, sarari garau. Akwai lissafin da muke yi na tsayin gindin girgije, wato a ɗauki tazarar da ke tsakanin zafin gari da matakin da raɓa ke fara sauka, a ba kowane digiri mita 125. Lissafin ya ba ni sama da mita 3,000. Na rubuta cewa ana iya samun hadari jefi-jefi a kan duwatsu bayan la'asar, na sa hannu, domin shirin shi ne mu dawo kafin azahar.

Mun sauka lafiya a wani ɗan fili da aka share tsakanin duwatsu. Ana cikin sauke jarkoki sai shugaban wurin ya zo ya ce akwai wani yaro da nakiya ta raunata a ƙafa da safe, ana tahowa da shi a kan makara daga wani tsauni, mu jira. Jiran da aka ce na minti ashirin ne ya kai kusan awa biyu, domin hanyar ta akuya ce. Ni kuwa ina tsaye a gefe da ma'aunina ina koya wa wani kofur, saboda haka duk abin da ya faru a sararin nan a kan idona ya faru. Na ga ƙananan gizagizai farare sun taru a kan ƙwanƙolin da ke gabas da mu, wanda ta mashiginsa za mu koma. Na ga sun fara hawa kan juna kamar an tara auduga, kan su ya yi tsawo, gindinsu ya yi duhu. Na ga ruwa yana zuba daga gindin kamar gemun tsoho, yana ɓacewa a sarari bai iso ƙasa ba. Sai iskar da ke kaɗa ƙaramar farfelar ma'aunin da ke hannuna ta tsaya cik, gari ya yi tsit, zufa ta karyo mini.

Duk wanda ya yi karatun da na yi ya san ma'anar wannan gemu. Ruwan da ke zuba cikin busasshiyar iska yana ƙafewa, ƙafewarsa tana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, sai ta faɗo ƙasa kamar an kifar da tulu, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina. Wato tsayin gindin girgijen nan da na ɗauka alheri ne da safe, shi ne ainihin abin tsoro da yamma.

Aka iso da yaron, ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, an ɗaure masa cinya da igiyar roba, leɓɓansa sun yi fari, yana kiran mahaifiyarsa da yaren da ban sani ba. Tare da shi akwai malamin jinya da zai raka shi. Kaftin ya zo kusa da ni, ya dubi gabas, ya dube ni, ya ce, "Baba ajidan, yaya ka gani?" Na dubi makarar, na dubi sojojin da suka sauko da ita kafaɗunsu duk jini, suna kallona. Abin da ya dace in ce shi ne mu jira awa guda hadarin ya zubar da abin da ke cikinsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kaftin, in muka yi sauri za mu wuce ta ƙarƙashinsa." Bai tilasta ni ba, babu wanda ya ɗaga mini murya, kunyar idon mutane ce kawai da tausayin yaron suka ɗaure mini harshe.

Tun daga tashi na ji jirgin yana nishi, domin zafi ya ƙaru a kan na safe, kuma nauyin mutum biyu ya maye gurbin jarkokin da muka sauke. Muka nufi mashigin. Kaftin bai tunkare shi kai tsaye ba, ya zo masa a karkace, kamar yadda ake koya wa masu tuƙi a dutse, domin in abu ya ɓaci a sami hanyar juyawa, kuma wannan ɗabi'a tasa ce ta bar ni da rai nake wannan rubutu. Saura kaɗan mu kai, sai na ji cikina ya taso zuwa maƙogwaro. Ina zaune a bayan kaftin da mataimakinsa ina hangen allon, na ga allurar da ke nuna hawa da sauka ta faɗi ƙasa, alhali kaftin ya ja sandar ƙarfi har iyakarta. Wani ƙaho ya fara kuka, alamar gudun farfela ya ragu. Ta taga na ga katangun duwatsu da 'yan ƙabilar Mafa ke jerawa don noma suna tasowa gare mu, har ina iya rarrabe kututturen dawar bara ɗaya bayan ɗaya. Mataimakinsa yana karanto masa tsayi da Faransanci, lambobin suna raguwa, ni kuwa ban san lokacin da na fara kalmar shahada da ƙarfi ba.

Kaftin bai yi gardama da dutsen ba. Ya kwantar da jirgin dama, ya bar mashigin, ya sunkuyar da hanci ya bi gangaren kwari, ya sayi gudu da ɗan tsayin da ya rage masa, har muka fita daga cikin iskar da ke danna mu. Amma hadarin ya riga ya rufe hanya gaba da baya, sai ya zaɓi wata gona a gindin kwari. Muna dab da ƙasa farfela ta tayar da ƙura ta haɗu da wadda iska ta kawo, duniya ta zama ja, ba a ganin komai, muka daki ƙasa da ƙarfin da ya lanƙwasa ƙafar jirgin guda, ya kuma fasa mini leɓe a jikin kujera. Bayan 'yan mintuna ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, har da ƙanƙara, muna zaune a ciki malamin jinya yana riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama. Da aka ɗauke, wani tsoho mai gonar ya fito daga cikin duwatsu da fatanya a kafaɗa, muka gaisa da Fillanci, ya ce shi tun da safe ya hana jikokinsa kai awaki bayan dutse, domin iskar daren jiya ta kwana da laima, kuma duwatsun tsakar gidansa sun yi gumi. Na tsaya da ma'auni a aljihu ina sauraren sa.

Jirgin bai sake tashi ba sai da makanikai suka zo. Yaron kuwa a mota aka ɗauke shi cikin dare, bayan an jira mayo ya janye, kuma an ceci ransa amma ba a ceci ƙafar ba. Da na ce mu jira awa guda a kan dutsen, da kafin magariba yana asibiti. A wurin binciken na faɗi abin da na gani da abin da na ce, ban rage komai ba, kaftin kuma ya ce shi ne mai jirgi, shi ya yanke shawara. Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Baba, ni tuƙi na iya. In ka ga abu ka faɗa mini shi yadda yake, nauyin yaron ka bar mini."

Daga wannan rana na canza yadda nake cika takarda. Na fara rubuta sa'ar da za ta mutu da manyan baƙaƙe a samanta, domin matuƙi ya san cewa awon hantsi ba ya aiki da la'asar. Kofur ɗin nan da na koya wa ya riƙa kirana sau uku a yini, kuma ban da lambobi, na roƙe shi ya riƙa gaya mini ko ana ganin kan dutse, ko iska ta juya, da abin da tsofaffin ƙauyen suka ce game da daren jiya. A lokacin, hotunan tauraron ɗan Adam suna zuwa kowane minti 15, suna kuma da amfani ƙwarai wajen hango jerin hadarin da ke tasowa daga gabas ya nufi yamma, amma girgijen da dutse ya haifa yakan girma ya zama dodo tsakanin hoto biyu ko uku, don haka idon mutum a wurin ya fi mini. Na kuma riƙa bin matuƙa da sabon awon nauyin iska ta rediyo, domin kuskuren hektofaskal ɗaya mita 8 ne a ma'aunin tsayi, hadari kuwa yakan motsa shi da uku ko huɗu, wanda a mashigin dutse tsawon bishiyar rimi ne.

Ba zan ce hakan ya jawo mini farin jini ba. A shekarar da zan yi ritaya, wani babban hafsa ya so a kai shi wani wuri a kan dutse bayan azahar, kofur kuma ya ce mini kan dutse ya sa hula, iska ta mutu. Na rubuta cewa ban ba da shawarar tashi ba. Aka kira ni ofis, na sara, ya tambaye ni ko na tabbata hadarin zai zo, na ce, "Ranka ya daɗe, ban tabbata zai zo ba, amma na tabbata in ya zo ba za ku ga zuwansa ba." Matuƙin, wani saurayi da bai san ni sosai ba, ya dubi takardar ya ce shi ma ba zai tashi ba, aka fasa tafiyar cikin ɓacin rai. Muka zauna muna kallon yamma har la'asar, gizagizan suka taru, suka yi duhu, sannan suka watse ba tare da ko ɗigo ba, rana ta faɗi ja wur a sarari garau. A wurin cin abinci samari suka yi ta zolayata, wani ya ce Baba ajidan ya ga hadari a cikin kofin shayi, wani daga can ƙarshen tebur ya amsa masa da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, aka yi dariya. Na ci tuwona na je na kwanta. Da asuba na fita da tocila na karanta ma'aunai, zafi 26, iska kwance, na cika sabuwar takarda na sa hannu, jirgin ya ɗaga da ƙarfe shida da kwata.